Gasar WAFU ta 'yan mata: tunda ba ta ba da tikitin Kofin Duniya, meye amfaninta?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Assalamu alaikum koci. Don Allah ina neman ƙarin bayani a kan gasar nan ta WAFU ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20. Na ji an ce ko ƙasa ta ɗauki kofin ba zai kai ta Kofin Duniya ba, to meye amfaninta ke nan, ba ɓarnar kuɗi ba ce kawai? Kuma da gaske ne ana rage wa yaran shekaru?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, kofin nan ba ya ba da tikitin zuwa ko'ina, wadda ta ci ta ɗauki kofinta da lambobinta ta koma gida shi ke nan. Amma maganar ɓarnar kuɗi kam ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma na daɗe ina horar da yara mata, in za a tambaye ni wace gasa ce 'yan matanmu na wannan yanki suka fi buƙata a yanzu, ita zan nuna. Bari na yi maka bayani dalla-dalla, sai ka yi haƙuri don maganar tana da ɗan tsawo.

Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta kasa nahiyar shiyya shida. Akwai UNAF a arewa, UNIFFAC a tsakiya, CECAFA a gabas, COSAFA a kudu, sai mu na yamma da aka raba mu biyu, WAFU A da WAFU B. An kafa WAFU ɗin, wato ƙungiyar hukumomin ƙwallon Afirka ta Yamma, tun 1975, rabuwar kuma ta zo a 2011. Shiyyar B ƙasa bakwai ce: Najeriya, Nijar, Ghana, Benin, Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa. Su Senegal, Mali, Gambiya, Laberiya, Saliyo da sauransu suna shiyyar A. To a ɓangaren maza, gasar shiyya ta 'yan ƙasa da 17 da 'yan ƙasa da 20 ita ce ƙofar shiga gasar Afirka, daga nan kuma sai Kofin Duniya, shi ya sa kowa ke ɗaukar ta da zafi. Har gasar zakarun kulob-kulob ta mata da aka fara a 2021 ta shiyya ake bi a samu gurbi. Ta 'yan matan ƙasa ce kawai aka bari ba ƙofa a gabanta, kuma ina ganin daga nan ruɗaninka ya samo asali.

Ga inda matsalar take. A Turai akwai gasar nahiya ta 'yan mata 'yan ƙasa da 19 da ta 'yan ƙasa da 17, kowace shekara ake yi, a tara ƙasashe wuri ɗaya su kwashe wajen sati biyu suna gwabzawa. Asiya tana da nata, Kudancin Amurka tana da nata, yankin Amurka ta Arewa da Karibiyan ma haka. Mu a Afirka fa, hanyar da aka daɗe ana bi ita ce wasan neman gurbi gida da waje, ki je gidansu su zo gidanku, a haɗa ƙwallaye, wadda ta fi ta wuce zagaye na gaba, har a tace adadin da FIFA ta ba mu. Ba a tara su a gari ɗaya, ba rukuni, ba wasan kusa da na ƙarshe, ba wasan ƙarshe, ba komai. Ka riƙe wannan da kyau don duk sauran maganata a kansa ta tsaya.

Ka ɗauki ƙasar da ƙwallon matanta bai yi ƙarfi ba. An sa ranar wasan neman gurbi, hukuma ta kira koci ta ce tara yara, ya zagaya ya tattaro abin da ya samu, a sa su a kam na 'yan makonni, a ɗinka musu jesi, su buga wasa a gida su buga a waje, a cire su, washegari kowa ya kama gabansa. Wasa biyu fa. Kafin a sake kiran wata tawagar, rabin yaran sun wuce shekarun, wasu sun bar ƙwallon gaba ɗaya, kocin ma ƙila an canja shi, a sake farawa daga tushe. Wani lokacin ko wasa biyun ba a samu, don sau da yawa ƙasa takan janye saboda rashin kuɗin jirgi a ba abokiyar karawarta nasara a kan tebur. Yarinya ta gama shekarunta na ƙuruciya a tawagar ƙasa da wasa biyu ko huɗu a tarihinta, ta yaya za ta zama 'yar wasan da za ta tsaya gaban Super Falcons ta Najeriya ko Banyana Banyana ta Afirka ta Kudu gobe? A gasar shiyya kuwa ko wadda ta zo ta ƙarshe a rukuni ta samu wasa biyu ko uku a jere, wadda ta kai ƙarshe ta samu huɗu ko biyar cikin sati biyu. Abin da za ta tara cikin shekara biyu ta tara shi a zama ɗaya.

Kada ka ce wannan matsalar ƙananan ƙasashe ce kawai, manyan ma tana cin su ta wata fuskar. Najeriya ta halarci duk Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 20 tun da aka fara a Kanada a 2002, lokacin ma 'yan ƙasa da 19 ne, ta kai wasan ƙarshe sau biyu, 2010 da 2014, duka Jamus ta doke ta. Amma yadda take samun gurbin, galibi a tsallake mata zagayen farko, ta buga wasa yau, sai bayan sati biyu ta buga na biyu, sai bayan wata ɗaya ko biyu zagaye na gaba, kullum da isasshen hutu, kullum 'yan wasa sha ɗaya ɗin nan dai da koci ya fi yarda da su. Sai a je Kofin Duniya a tarar ana wasa duk bayan kwana uku da ƙasashen da suka saba da haka tun suna shekara 15. A Kosta Rika a 2022 Falconets, wato 'yan ƙasa da 20 na Najeriya, sun cinye wasanninsu uku na rukuni, Faransa da Koriya ta Kudu da Kanada, sannan Holan ta fitar da su da ci 2-0 a kwata fainal. A Kolombiya a 2024 Japan ta cire su 2-1 a zagayen 'yan 16. Ban ce rashin gasar shiyya ne kaɗai dalili ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma juriyar wasa na huɗu ba a tirenin ake koyon ta ba.

Bari na gaya maka abin da koci ke gani a wasa na uku cikin kwana bakwai, don a talabijin ba ya fitowa sosai. Yarinyar da a wasan farko take tsere wa kowa a gefe, yanzu in ta kai hari ba ta dawowa, za ka ga ta tsaya hannu a ƙugu tana kallon ƙwallo tana wucewa, 'yar bayan da ke gefenta ta zama ita kaɗai da mutum biyu. Fasin da take bayarwa daidai ƙafa yanzu yana tsayawa a hanya. Ba lalaci ba ne, cinyoyi ne suka yi nauyi, kuma yawanci in ka bincika za ka tarar daren jiya ba ta yi barci da wuri ba, tana riƙe da waya, ko ba ta sha ruwa yadda ya kamata ba bayan wasa, ko kuma tana jin ciwo a bayan cinya ta ɓoye don tsoron kada a ajiye ta a benci. Wannan ɓoye ciwon shi ya fi ba ni tsoro, don yaran suna ganin in sun faɗa sun rasa damarsu har abada. Sai sun zauna a gasa sun ga an hutar da wata wasa ɗaya an kuma dawo da ita a na gaba, sannan suke yarda su buɗe baki. Haka maganar kati: a gasa in kin tara katin gargaɗi biyu ba ki buga wasa na gaba, to 'yar bayan da ta saba zubar da mutum duk inda ta ga dama sai ta koyi tsayawa a kan ƙafarta. Shi ma kocin a nan yake koyo, yaushe zai canja mutum, wa zai hutar in an riga an haye rukuni, ya zai yi da gola ta biyu wadda ba ta taɓa tsayawa a raga a wasan ƙasa ba.

Akwai kuma ɓangaren lafiya da ya shafi mata musamman, wanda mutane ba su cika son magana a kai ba amma dole ne. Cikin tawaga ta mutum ashirin, a sati biyu, tabbas wasu za su shiga al'adarsu, wata ciwon mara ya hana ta sakat, wata jininta ya yi ƙasa ta riƙa haki da wuri, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya zama ruwan dare tsakanin 'yan mata masu motsa jiki sosai. Tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda ke ajiye 'yar wasa wata tara ko fiye, ta fi kama mata a kan maza, likitocin wasanni sun daɗe da tabbatar da wannan, kuma gajiya tana ƙara haɗarin. Tawagar da take haɗuwa don wasa ɗaya ta watse ba ta taɓa gane tana buƙatar likita mace ko mai gashin ƙashi da tausa da ta san aikinta ba. Zaman gasa ne ke tona wannan giɓin, hukuma ta gani da idonta.

Yanzu mu zo kan gasar kanta. Karon farko na WAFU B ta 'yan ƙasa da 20 an yi shi a Kumasi a 2023, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, kuma duka ƙasashe bakwai ɗin sun zo, wanda shi kansa abin a yaba ne. Falconets ƙarƙashin Christopher Danjuma sun yi ta ruwan ƙwallaye tun daga rukuni, har suka kai wasan ƙarshe ba a zura musu ko ɗaya ba. A filin Baba Yara suka haɗu da Black Princesses na Ghana ƙarƙashin Yussif Basigi, aka tashi 1-1, aka je bugun fenariti Ghana ta ci 3-1. Ka duba fa, ƙungiyar da take cin kowa yadda ta so, rana ɗaya ta haɗu da sa'arta a gaban 'yan kallon gida, aka zura mata ƙwallo karon farko, sai aka ga abin da ba a gani ba duk sati biyun. Bayan wata tara suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Wasannin Afirka a Cape Coast, Maris 2024, wanda shi ma da 'yan ƙasa da 20 aka buga, Ghana ta sake ci 2-1 bayan ƙarin lokaci. Ni a wajena waɗannan rashin nasara biyu sun fi duk 6-0 da 7-0 ɗin amfani ga Najeriya, don sun nuna wa koci ainihin inda tawagarsa take yoyo tun kafin a hau jirgin Kolombiya. Wasan sada zumunta ba ya ba ka wannan, don a can in an ci ka ba wanda ya damu, ana ta canja mutum shida bakwai.

Fenariti ma abin dubawa ne. A tirenin kowace yarinya gwana ce, ta ajiye ta buga kusurwa gola ko motsi ba ta yi. Amma ta taka daga tsakiyar fili ita kaɗai, fili ya cika da ihu, ta san in ta ɓarar kofi ya tafi, nan za ka ga wadda ta ce ni zan fara ta sunkuyar da kai, wata shiru-shiru da ba ka zata ba ta ɗaga hannu. Koci ba shi da hanyar sanin wannan sai an shiga halin. Kuma kada a ce ƙaramin abu ne, don lambar tagullar da Flamingos, 'yan ƙasa da 17 na Najeriya, suka ciyo a Kofin Duniya a Indiya a 2022 ƙarƙashin Bankole Olowookere da fenariti aka same ta: da shi suka cire Amurka a kwata fainal, da shi Kolombiya ta cire su a wasan kusa da na ƙarshe, da shi kuma suka doke Jamus a wasan neman na uku bayan an tashi 3-3. Wasa uku a jere duk a bugun daga kai sai gola aka raba gardama.

In kana son hujja ta zahiri cewa gasar shiyya tana gina ƙasa, ka dubi Tanzaniya. Shekarun baya ba wanda ke lissafa su a ƙwallon mata. Suna shiyyar CECAFA amma suka riƙa karɓar gayyatar COSAFA suna zuwa a matsayin baƙi, a 2019 suka ɗauki kofin 'yan ƙasa da 20 a Afirka ta Kudu bayan doke Zambiya, a 2020 suka ɗauki na 'yan ƙasa da 17. Sai ga shi a 2022 sun cire Kamaru a zagayen ƙarshe na neman gurbi, sun je Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 a Indiya karon farko a tarihinsu, sun doke Faransa 2-1, sun yi canjaras da Kanada, sun kai kwata fainal. Wannan ba sa'a ba ce, tawaga ce da ta saba da zaman otel da wasa a jere da alƙalan wasa na wasu ƙasashe. Yuganda ma ta je gasar COSAFA ta 'yan ƙasa da 17 a Moris a 2019 ta ɗauko kofin, Habasha ta ci ta CECAFA ta 'yan ƙasa da 20 a 2021 a Yuganda. Kudu da gabas sun riga mu farkawa a wannan fannin, gaskiya ɗaya ce, mu mun dogara da cewa Najeriya da Ghana suna da ƙarfi muka yi barci.

Na san abin da wasu za su ce, to ina amfanin a kai yara a yi musu 7-0 kamar yadda aka yi wa Nijar a Kumasi, ba karya musu gwiwa ake yi ba? Wannan ƙorafin yana da tushe, ba na raina shi. A gasar COSAFA ta 'yan ƙasa da 17 ta 2019 ɗin nan Afirka ta Kudu ta ci Seychelles 28-0, kuma irin wannan sakamakon ba wanda ya ƙaru da shi, har wadda ta ci ɗin. Amma a gasa, bayan babbar ƙasa ta lallasa ki, jibi za ki haɗu da wadda kuke kusan kai ɗaya, ki samu wasan da za ki iya ci ko ki yi kunnen doki, ki koma gida da wani abu a hannu. A neman gurbi kuwa in ƙuri'a ta haɗa ki da Najeriya a zagayenki na farko, duka biyu za ki sha, shi ke nan labarinki na shekara biyu. Wanne ya fi karya gwiwa? Kuma gola da aka yi wa harbi talatin a wasa ɗaya ta tare ashirin, ta koyi abin da ba za ta koya a lig ɗin gida ba cikin kaka guda.

Batun kuɗi kuma, a lissafa da kyau. Wasan gida da waje kowane zagaye sai an sayi tikitin jirgi na mutum talatin ko fiye, wani lokacin zuwa can kudancin nahiya da sauka biyu a hanya, don wasa ɗaya tak. Gasar shiyya tafiya ɗaya ce, ƙasashen maƙwabta ne, daga Lome ko Kwatano zuwa Ghana da mota ma ana zuwa, a samu wasa uku zuwa biyar. In ka raba kuɗin da yawan wasannin, babu wasan ƙasa da ƙasa da ya kai shi araha. Kuma ba 'yan wasa kaɗai ke ƙaruwa ba, alƙalan wasa mata da masu ɗaga tuta na shiyyar a nan suke samun wasannin da ake auna su da su kafin a ba su manyan gasa, haka mata masu neman zama koci, haka jami'an da ke shirya wasa.

Sai tambayarka ta biyu, ta shekaru. E, ana yi, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba a ƙasa ɗaya ba. A 2022 Maroko ta kai ƙarar Ghana kan shekarun wasu 'yan wasan Black Maidens, tawagarta ta 'yan ƙasa da 17, CAF ta dakatar da Ghana daga neman gurbin 'yan ƙasa da 17 har karo biyu ta kuma ci ta tarar dala 100,000. Wannan a rubuce yake, kowa ya sani. Abin da ya sa ta mata ta fi wuyar kamawa shi ne gwajin MRI na wuyan hannu da FIFA ta fara amfani da shi ga maza 'yan ƙasa da 17 a gasar da aka yi a Najeriya a 2009, ba ya aiki daidai a kan mata. Ana duba ko ƙashin wuyan hannu ya gama haɗewa ne, to ƙashin mace yana rigan na namiji haɗewa, yarinya mai shekara 15 ko 16 ta gaskiya za ta iya faɗuwa gwajin a zalunce ta a banza. A matakin 'yan ƙasa da 20 kuwa gwajin ba shi da amfani ga kowa, maza da mata, don kusan kowa ƙashinsa ya haɗe. Saboda haka sai takardu, fasfo da takardar haihuwa, kuma ka san yadda rajistar haihuwa take a yankinmu, yara da yawa ba a yi musu ita a kan lokaci ba.

Abin da ke min ciwo a wannan harkar shi ne wadda ake cuta ba a ganin ta. In ka sa mai shekara 23 a gurbin 'yar 18, ka ci kofi yau, amma 'yar 18 ɗin ta gaske tana gida ba ta samu damar ba, ita kuma waccan bayan shekara uku huɗu ƙarfinta ya fara ja baya daidai lokacin da takarda ta ce yanzu za ta fara tashe, babbar tawaga ta tashi a tutar babu. Kuma a nan ne rashin tikitin da kake ƙorafi a kai yake da ɗan alheri: tunda ba gurbin da za a rasa, koci mai hankali ba shi da hujjar kawo manya, zai iya zuwa da 'yan 16 da 17 na gaske ya gwada su. Wanda ya yi maguɗin shekaru don kofin WAFU wallahi ya yi asara biyu. Maganin da na fi yarda da shi shi ne a fara rubuta yarinya tun tana ƙarama, suna da hoto da ranar haihuwa a kwamfuta, tun daga gasar makarantu, yadda in ta zo tawagar ƙasa bayan shekara biyar ba yadda za a yi ranar ta canja. Gasar makarantu ta CAF ta 'yan ƙasa da 15, wadda aka yi wasannin ƙarshenta na farko a Durban a 2023 kuma ita ma ta shiyya-shiyya ake tacewa, za ta iya zama tushen wannan rajistar in an riƙe ta da gaske. Makarantar da ta ci ɓangaren mata a karon farkon ma daga Tanzaniya take.

Ba wai gasar ba ta da aibu ba fa. Babban aibunta rashin tsayayyen lokaci, ba ka iya cewa wata kaza na kowace shekara za a yi ta ka shirya a kan haka, sai dai ka ji sanarwa, wani lokacin a ɗage, wani lokacin ƙasashe su janye a rage 'yan kaɗan. Koci ba zai iya tsara shirin shekara a kan abin da bai san ranarsa ba, kulob-kulob ma ba sa jin daɗin a kwashe musu yara ana tsakiyar lig, ga masu jarrabawa a makaranta. Yaɗa wasannin ma yana da rauni, iyaye da yawa ba sa samun inda za su kalli 'ya'yansu. Ni abin da nake so in gani shi ne CAF ta yi wa mata abin da ta yi wa maza: kowace shiyya ta yi gasarta a ƙayyadadden lokaci, zakarun su haɗu a gasar Afirka a gari ɗaya, daga nan a fitar da masu zuwa Kofin Duniya. Matsala ɗaya da za a warware ita ce rabon gurbi, don shiyyarmu tana da Najeriya da Ghana a tukunya ɗaya, ba adalci ba ne a ce ɗaya kawai za ta fita, amma wannan lissafi ne da za a iya zama a daidaita.

Kuma lokaci ya matso, don daga 2025 FIFA ta mayar da Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 na mata duk shekara, ƙasa 24, Maroko ce mai masauki har zuwa 2029, Afirka tana da gurbi biyar har da mai masaukin. Na 'yan ƙasa da 20 ma ya koma ƙasa 24 tun 2024, muka samu gurbi huɗu, Najeriya da Ghana da Kamaru da Maroko suka je. Ƙofa ta faɗaɗa ke nan, ƙasashe irin su Benin da Burkina Faso da Kwaddibuwa yanzu suna da dalilin sa rai, kuma duk shekara sai an haɗa sabuwar tawagar 'yan 17, wanda ba zai yiwu da wasa biyu-biyu ba.

Ka kuma tuna manyan da ake alfahari da su yau duk ta matakin matasa suka biyo. Asisat Oshoala a Kanada 2014 ta ɗauki ƙwallon zinare da takalmin zinare kafin ta zama gwarzuwar Afirka sau shida. Rasheedat Ajibade da ta ɗaga wa Najeriya kofin Afirka na goma a Rabat a 2025, da Chiamaka Nnadozie, duk sun buga wa Flamingos da Falconets. Mukarama Abdulai ta Ghana, 'yar Tamale, ita ta fi kowa cin ƙwallo a Kofin Duniya na 'yan 17 a Uruguay a 2018. Waɗannan sun yi sa'a ƙasashensu suna zuwa Kofin Duniya, duniya ta gan su. Yarinya mai irin baiwarsu a Togo ko Nijar fa, a ina za a gan ta in ba a gasar shiyya ba? Sai dai in ja kunnen iyaye a nan, don duk inda aka tara yara masu hazaƙa dillalai suna zagayawa da alƙawarin Turai. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa ko 'yar wasa zuwa wata ƙasa kafin shekara 18 sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan da aka ƙayyade, don haka duk wanda ya zo ya ce zai fitar da 'yar 16 zuwa kulob a waje, ya kuma nemi a ba shi kuɗin biza ko a miƙa masa fasfonta, kada a saurare shi, a kai maganar ga kulob ɗinta da hukumar ƙwallon ƙasa, a kuma nemi ya nuna lasisinsa na FIFA kafin a sa hannu a kowace takarda.